Inuwar Jaki a Kogon Gurmuza

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa ƙasa ba da tabarma ba, Ya rataye rana ba da igiya ba, Ya ba yumɓu haƙuri, Ya ba wuta gaggawa. Masu kunne ku matso, masu ciwon baya ku jingina, mai tari ya yi abinsa yanzu kafin in fara.

Ni ne Cindo ɗan Nomau, mutumin da duniya ba ta taɓa yi wa dariya ba sai da izininsa. Na ƙetare Tekun Gishiri a kan ƙyauren wani mutum, yana cikin ɗakin bai sani ba. Na sa mutanen Tudun Iska sun wuni suna gadin rijiya don kada a sace musu ramin. Karatuna bai yi nisa ba, don malam ya sallame ni ranar da ya miƙe ya ji buzunsa ya biyo shi, ɗinke da gindin rigarsa, amma abin da allo bai ba ni ba ƙafa ta ba ni. Ba a taɓa kama ni ba. Ku riƙe wannan. Sunan nan nawa kuwa ba na ado ba ne. Yatsu shida gare ni a hannun dama, na shidan ɗan ƙarami ne a gefe, a karkace kamar ƙahon ɗan akuya, kuma ina ji da shi.

Ina cikin yawo na ji labarin Gurmuza, birnin da ke ƙarƙashin Dutsen Hana-Rana. Aka ce mini mutanensa ba sa tambayar baƙo dukiya, asali suke tambaya, kuma shaidar asali a wurinsu tsohuwar fitilar yumɓu ce wadda kakan mutum ya gina da hannunsa. Wanda ya zo da irinta, ci da sha da masauki sun zama nasa har ya gaji. Na ce ai wannan gari don ni aka kafa shi. Kakana dai ko murhu bai taɓa ginawa ba, amma a hanya na bi ta wani kufai, na tona gindin rusasshen gini, na samu 'yar fitila baƙa wuluk, mai ciki kamar kasko da ɗan baki na sa lagwani. Na goge ta da hannun riga, na ce, sannu da zuwa, kaka.

Na shiga ta wata tsaga a jikin dutse, na yi ta gangara har kunnuwana suka toshe, sai ga birni a cikin duhu, tituna da soraye da kasuwa, ko'ina fitilu na ci kamar an zubar da taurari. A bakin ƙofa akwai zaure, a cikin zauren wani dogon mutum na zaune bisa kilishi, gemunsa na ƙyalli da mai. Shi ne Arzika, Magajin Fitila, wanda ke tantance asalin kowa a garin. Da na miƙa masa hannu, kan yatsu ya ba ni, sannan ya goge su a jikin matashi.

Na ajiye fitilar a gabansa, na gyara murya. Na gaya masa kakana Jarmai Gagarau ne ya gina ta da hannun hagu, yana riƙe da mashi a dama, maƙiya na kewaye da shi. Mutanen zauren suka fara gyaɗa kai. Na ƙara da cewa tsayinsa ya kai raƙumi, gemunsa sai an naɗe masa kafin ya hau doki.

Arzika ya karɓi fitilar. Ya sa aka zuba mai, aka murza lagwani, aka kunna.

Abin da mai ba ni labari bai gaya mini ba, kuma Allah Ya isa tsakanina da shi, shi ne wannan: a ƙarƙashin dutsen nan, duk fitilar yumɓun da aka kunna tana jefa inuwar wanda ya gina ta a bango, yana aikin ginin, tun daga lokacin da ya taɓa yumɓu har ya wanke hannu. Ina tsaye ina shafa ƙirji sai ga inuwa ta tashi a bangon zaure. Mace ce. Mace mai tsohon ciki, ta miƙe ƙafafu, tana murza yumɓu a kan cinya. Can ta dakata, ta ɗauki ludayi ta zura ta bayan wuya tana sosa baya.

Zauren ya fashe da dariya. Wani tsoho har ya faɗi daga kan turmi. Arzika shi bai yi dariya ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Ya dube ni ta saman hanci, ya ce a hankali, "Allah Ya sauki kakanka lafiya, baƙo."

Daga ranar sunana ya zama Jikan Mai-ciki. Aka huda tsingaro, wato guntun fasasshiyar tukunya, aka rataya mini a wuya, alamar marar asali, wanda ba ya zama a kan tabarma ɗaya da mutane. Bai tsaya nan ba. Da aka kawo wa Arzika abinci ya ce alkukinsa ya yi nisa, ba ya ganin nama a cikin miya, a ɗora wa baƙon fitila a ka. Na tsaya ƙiƙam da fitila a tsakar kaina yana cin tuwo, yana tsotsar ƙashi, yana hira da baƙinsa a kan asalin gidansu. Duk sanda na motsa, mai zafi ya gangaro mini ta ƙeya. Tabon na nan, wanda ke musu ya zo ya taɓa. A tsayen nan na yi rantsuwa a zuciyata cewa tsingaron da ke wuyana sai ya koma wuyan Arzika, a gaban duk wanda ya yi mini dariya da wanda bai samu zuwa ba.

Zan iya barin garin. Hanyar da na shigo ba a toshe ta ba. Amma in je ina da wannan abu a ƙirji? Abinci ma ya daina yi mini daɗi, ni da ban taɓa faɗa da abinci ba.

Marar asali ba ya samun masauki sai a unguwar magina, can ƙarshen birni inda hayaƙi ke fita. Nan na faɗa hannun Inna Tasalla, tsohuwar da ke gina fitilun yau da kullum na duk garin. Ƙafafunta sun gaji da tattaka yumɓu, nawa kuwa ba su da aiki, sai muka daidaita a kan tuwo da shimfiɗa. Duk gidan da ka shiga a Gurmuza inuwarta ce a bango tana aiki, har mutane sun daina ganinta, kamar yadda mutum ba ya ganin hancinsa. Amma ita ba ta manta ba. Kafin ta taɓa yumɓu sai ta ɗaura ɗankwalinta mafi kyau, ta gyara zama, ta miƙe wuya.

Na tambaye ta wa take wa kwalliya, daga ni sai akuya a gidan.

Ta ce, "Kai dai ba ka da kai, Jikan Mai-ciki. Yadda na zauna yanzu haka zan zauna a bangon mutane har fitilar ta fashe. Ka ga wadda ke gidan mahauta? Ranar ina mura. Har yau ina fyace hanci a ɗakinsu."

Na yi dariya, sai na farga. Wato inuwa ba ta san mutum ba, shigarsa ta sani. Na ajiye wannan a zuciya kamar yadda ake ajiye wuƙa a kube.

Daga nan na zama ɗalibi na gaske, abin da malamina bai taɓa gani ba. Na koyi jiƙa yumɓu, da daka tsingaro a tankaɗe a zuba a ciki don kada wuta ta fasa shi. Na koyi buɗe cikin fitila da babban yatsa, da jan bakin lagwani ba tare da ya tsage ba, da goge jiki da dutsen kogi har ya yi santsi, da jera su a gasa da kara da busasshen kashin shanu. Ta farko da na gina Inna ta juya ta, ta ce ba ta san ina gina kwaɗi ba. Ta biyu ta ba akuya ruwa a ciki. Na haɗiye. Duk fitilar da ta lalace, fuskar Arzika nake gani a jikinta kafin in murƙushe ta in sake. Ta kuma koya mini cewa sabuwar fitila ƙishirwa gare ta, sai an ɗan tsoma ta a mai kafin a fara aiki da ita, in ba haka ba ta shanye abin da aka zuba wa lagwani.

A wurinta na ji sauran abin da nake bukata. Shekara-shekara akwai Ranar Ganin Kakanni, inda kowane gida ke kawo tsohuwar fitilarsa Babban Kogo a kunna, jama'a su ga kakan gidan. Tsofaffin fitilu ba sa jure wuta, don haka mai cikin ƙoƙon katantanwa ɗaya kawai ake zuba wa kowace, ya ci ya mutu, gwargwadon tafasar ruwan kunu. Shi ya sa babu wanda ya taɓa ganin kakansa ya gama gini. Gidan da fitilarsa ta nuna abin kunya kuwa, mai gidan ya rasa muƙaminsa, a rataya masa tsingaro. Fitilar gidan Arzika ita ce mafi tsufa, wai ta wanda ya kafa garin, kuma saboda tsoron kada ta tsage an daɗe ba a kunna ta ba, har duk waɗanda suka ga inuwarta sun mutu.

Sai na fara aikin baki. A bakin rijiya na tambayi wata mata, kamar ban san komai ba, ko me ya sa gidan Magaji kaɗai ba sa nuna kakansu. A rumfar wanzami na ce ni dai ban yarda da abin da ake faɗa ba. Aka ce me ake faɗa? Na ce a'a, ni baƙo ne, ba a ji daga bakina ba. Kafin a jima maganar ta yi ƙafafu, ta yi fukafukai, ta dawo mini da ƙarin da ban sa mata ba. Arzika ya hasala, ya sa aka yi shela cewa bana za a kunna fitilar gidansu, masu ƙananan maganganu su zo da idanunsu.

Fitilar na san ta sarai, don tana cikin alkukin zaurensa, kuma na daɗe ina kallonta ranar da nake tsaye da mai a ƙeya. Jan yumɓu ce da tsufa ya baƙanta, bakinta kamar na tsuntsu, da zanen ƙayar kifi a kewaye. Inna ta ce irin wannan yumɓu ba a samunsa sai a gaɓar Kogin Koma-Baya, kuma magina sun daina zuwa tun da kwaɗi suka mamaye wurin.

Na ce mata zan je gaida wani ɗan'uwa. Ta ce in gaida mai cikin.

Kogin Koma-Baya daga teku yake fitowa ya hau tudu. Na bi gaɓarsa har na ga jan yumɓu shimfiɗe kamar an yanka shanu, a kansa kuwa kwaɗi ne zazzaune, kowane ya kai bijimi. Na ga ƙasusuwa a gefe, da wata hula da mai ita bai koma gida ba. Babbansu ya buɗe ido ɗaya ya dube ni, harshensa ya fara warwarowa.

Tsoro ya sa bakina ya yi abin da ya saba. Na durƙusa na ce, ranka ya daɗe, farin wata na fadama, mai muryar da ta kunyata algaita. Sai na ga ya kumbura kaɗan. Na ce mai fatar da ta fi alharini laushi, ya ƙara kumbura. Sauran suka matso suna son nasu. Na bi su ɗaya-ɗaya ina yabo, wannan idonsa, wancan tafiyarsa, suna kumbura suna kumbura har ƙafafunsu suka bar ƙasa, suka tashi sama suna lilo kamar gorunan da aka sake a ruwa. Baki na yabo, hannu na haƙa. Na cika buhu, na ɗaure, na saɓa.

Sai yabo ya ƙare mini. Na duba sama na ga babban nan da kumburarren wuya yana kallona ta saman hanci, wallahi kamar Arzika, sai bakina ya kuɓuce na ce, ji mummuna. Gaba ɗaya suka sace. Iskar da ta fito daga cikinsu ta ɗauke ni da buhuna, ta jefa ni ƙetaren kogi cikin ƙaya. Na tashi ina cire ƙaya ina dariya, don yumɓu na hannuna.

A rufin Dutsen Hana-Rana akwai wata kafa da rana ke leƙowa ta ciki da tsaka, ɗan lokaci kaɗan. Mutanen Gurmuza ba sa wasa da wannan. Da haske ya sauko sai kowa ya bar abin da yake yi, yaro da babba, a tafi dandali shan rana, masu tsingaro ne kawai ba a ba su wuri. Wannan wulaƙanci shi ya ba ni gari ni kaɗai.

Ranar da Inna ta ce daga shan rana za ta wuce gidan suna, na rufe ƙofa. Na ɗauko babbar ƙwarya na huda idanu, na liƙa mata gora a matsayin hanci, na yanko dogayen kunnuwa daga tsohuwar salka. Na yafa bargon Inna don ya ɓoye tumbina, na ɗaura igiya a baya ta zama wutsiya. Yatsana na shida na lanƙwashe shi cikin tafi na ɗaure da tsumma tamau, don ni ba wawa ba ne. Sannan na kifa ƙwaryar a kai, na taɓa yumɓu.

Ban taɓa yin aiki da zuciya ɗaya kamar ranar ba. In murza yumɓu, in ɗaga hanci sama in yi kuka. In ja bakin fitila, in tashi in yi harbi da ƙafa. Na tsoma hanci a ƙwaryar dusa, na goga gindi a bango, na kaɗa wutsiya ina korar ƙuda. Kowane tsalle da na yi, ɗigon mai ɗaya nake ramawa. Na ɗora ruwa a wuta don awo, ya tafasa, na bar shi ya ƙone ƙurmus ina cikin ƙwarya, don in tabbata na wuce abin da katantanwa ɗaya za ta nuna nesa ba kusa ba. Da na zana ƙayar kifi ta ƙarshe, gumi ya cika mini ido, numfashi na neman gagarata. Na san ko mai ya kai katantanwa uku ba za a zo nan ba. Na cire ƙwaryar na yar, na kwance tsumman don yatsan ya mutu da ɗauri, na juya wajen da gidan Arzika yake, na yi abin da zuciyata ta daɗe tana so. Sannan na wanke hannu.

Na shanya ta a ɓoye, na gasa ta a tsakiyar fitilun Inna, ta fito ja jawur, kyakkyawa, sabuwa fil. Sabuntar ce matsala. Na kankaro kunkunniya daga rufin madafa, na narka man kaɗe a tukunya, na jefa ta ciki na dafa. Na fitar, na ga ba ta kai baƙin ta Arzika ba, na mayar. Na sake fitarwa, na sake mayarwa. Na yi ta yi har ta yi baƙi ƙirin, ta yi nauyi a hannu, tana ƙamshin shekaru. Uwar da ta haifi Arzika ba za ta bambance su ba.

Inna ta leƙa tukunyar manta ta ce wane maye ne ya shanye mata mai. Na ce ɓeraye. Ta ce ɓerayen da suka san hura wuta, to Allah Ya shirye su. Ta ƙara da wata magana a kan yumɓun da aka cika wa ciki da mai, amma ni hankalina na kan yadda zan shiga zauren Arzika, ban tsaya ji ba.

Shigar ba ta yi wuya ba. Da aka tafi shan rana, mai gadin zauren aku ne kawai, wanda ke ƙwala sunan duk wanda ya shigo. Ya buɗe baki ya ce, "Jikan," na cusa masa dunƙulen alewa mai danƙo. Na ɗauke tsohuwar, na ajiye tawa, na juya bakinta yadda na tarar. Ta gasken na binne ta cikin tokar Inna. Ban fasa ta ba, don ina so bayan an tsige Arzika in kunna ta ni kaɗai, in ga kakan nasa, in yi masa gwalo.

Ranar Ganin Kakanni duk Gurmuza ta taru a Babban Kogo, wanda bangonsa fari ne sumul, tsayinsa ya fi rimi. Aka kashe fitilun gari. Gida-gida suna fitowa, a zuba katantanwa ɗaya, a kunna, kaka ya bayyana ƙato a bango yana murza yumɓu, jikoki na share hawaye, can mai ya ƙare ya ɓace. Ni ina can baya wurin masu tsingaro, kusa da Inna da ta ce ƙafarta ba za ta kai gaba ba.

Arzika ya fito a ƙarshe cikin riguna kan riguna, ɗauke da fitilata a kan matashi kamar jariri. Ya yi dogon jawabi a kan jinin da ba a gauraya ba. Ya ce masu ƙananan maganganu su buɗe ido. Ya zuba mai da hannunsa, ya kunna.

Kunnuwa ne suka fara fitowa. Dogaye, har suna taɓa rufin kogo. Sannan hanci, sannan wutsiya. Kakan Magajin Fitila ya ɗaga kai sama ya wage baki, ya tashi ya yi harbi, ya dawo ya tsoma hanci a dusa.

Na ji dariya a ƙasashe da yawa, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Kogon ya ɗauka ya mayar, ya ɗauka ya mayar. Mata suka riƙe ciki, tsohon nan mai faɗuwa daga turmi ya sake faɗuwa. Arzika ya tsaya baki buɗe, yana duban fitila yana duban bango. Da jakin ya fara goga gindi, sai ya zauna daɓas a ƙasa. Wallahi zuma ba ta kai wannan ba. Tabon ƙeyata ma na ji ya yi sanyi.

Dattawa suka haɗa kai, suka ce a kawo tsingaro. Na ce ga nawa, kada a wahala. Na ratsa jama'a ana ba ni hanya, na zo har gaban fitila inda kowa zai gan ni, na ciro shi daga wuyana. Na sunkuya kusa da kunnen Arzika, amma na ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Allah Ya ƙara wa kakanka dusa, ranka ya daɗe."

Aka sake fashewa. Na ɗaga hannu ina nuna bango, ina ce wa mutane su dubi wutsiya, su dubi yadda kunnen yake kama da na jikan. Ina cikin haka ne na ji muryar Inna Tasalla daga baya, ba da ƙarfi ba, amma kogo ba ya ɓoye murya.

"Wannan fitila ba ta da niyyar mutuwa. Katantanwa ɗaya ta ƙare tun ɗazu."

Na duba. Cikin fitilar ya bushe, amma jikinta na naso, man kaɗen da na dafa ta da shi yana tsattsafowa da zafi, yana gangarawa wurin lagwani. Wutar ma ƙara haske take. Na yi wuf zan hure, wani dattijo ya riƙe mini kafaɗa, ya ce ba a hure fitilar kaka, sai ta mutu don kanta, kuma yau Allah Ya nufa za su ga abin da ba a taɓa gani ba, kaka ya gama gini.

"Kuma bargon nan na jikin jakin," in ji Inna, "kamar na san yagewar gefensa."

A bango jakin ya zana ƙayar kifi ta ƙarshe. Ya ajiye fitila. Ya kai hannu biyu ya kama kansa, ya cire, ya yar. Dariya ta ɗauke kamar an rufe tulu. Bargo ya zame, tumbi ya bayyana. Inuwar ta sunkuya tana kwance wani abu daga hannun dama, ta yarfa hannun, ta juya, ta miƙe shi gaba, ta ware yatsu, ta yi daƙuwa. Daƙuwa ƙatuwa, ta cika bangon Babban Kogo daga wannan gefe zuwa wancan, kowane yatsa kamar itacen giginya.

Arzika ne ya fara, daga inda yake zaune a ƙasa, da muryar nan tasa ta hanci. Ya ce ɗaya. Ya ce biyu. A na uku dattawa suka kama masa, a na huɗu duk kogon ya ɗauka. Biyar. Sannan aka tsaya ana duban ɗan ƙaramin da ke gefe, a karkace kamar ƙahon ɗan akuya.

"Shida," in ji Inna Tasalla.

Sai a lokacin na tuna ban sauke hannuna ba. Yana nan a sama inda na ɗaga shi ina nuna wutsiya, a gaban wuta, a ware, kuma inuwarsa ta faɗa bango dab da waccan, yatsa bisa yatsa. A ɗaya hannun kuwa tsingaro ne, igiyarsa na lilo, duk Gurmuza ta juyo tana kallona.

Arzika ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe rigunansa, ya dube ni ta saman hanci.

"Mayar da shi wuyanka, baƙo," ya ce. "Sannan a kawo masa ƙwaryar nan mai kunnuwa."